Ampili Ɗaya, Aiki Biyu

A shekarata ta ƙarshe a makarantar injiniya, rabi da rabi aka yi ni. Da safe ina shagon atamfar Baba a kasuwar Adjamé, tunda gwiwarsa ta fara hana shi tsayuwa. Bayan azahar in shiga woro-woro, tasin haya, in tsallaka gada zuwa Treichville, inda ɗakin gwajinmu yake. Ina isa a gajiye tiɓis, kaina cike da rigimar masu ciniki.

Malaminmu kuwa ba ya wasa. Ya ce zanen aikin ƙarshe da bai kammalu ba kafin a aika na kowa masana'anta, mai shi ya haƙura sai baɗi. Nawa ne kaɗai ya ƙi zama daidai, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Wata safiya Baba ya same ni na buɗe kwamfuta bisa tulin atamfa.

"Wai ke wannan zanen gizo-gizon, mene ne amfaninsa? Kuma da Hausa za ki faɗa mini, ban son faransancin nan naku."

Kai! Ni da aka haifa a Abidjan, Hausata ta gaisuwa da ciniki ce. Amma na daure. Na ce masa akwai ɗan guntun abu cikin waya da ke mai da murya ko hoto lambobi. Mataki-mataki yake aikin: na farko ya ɗebi rabonsa, ya ƙara wa ragowar ƙarfi, ya miƙa wa na gaba. Abin da ke ƙara ƙarfin shi ne ampili, shi ne kuma ya fi shan batir.

"Kowane mataki da nasa ampili, Baba, amma rabin lokaci zaune yake, yana jira a gama ɗiba. Shi ne nake so biyu su yi tarayya a guda. In wannan na ɗiba, ya yi wa wancan aiki."

"Au! Wannan ne karatun?" Ya yi dariya har da buga cinya. "Ai mai amalankenmu ke nan. Kafin in gama ɗaure dila, ya kai na maƙwabci unguwar Indénié ya dawo. Kin gani? Ke ma haka: safe nan, yamma can. Ina matsalar?"

Wallahi raina ya ɓaci. Da bakina na ba shi sandar dukana.

"Matsalar tana nan, Baba. Ka tuna ran da ya ɗauko wa maƙwabcin busasshen kifi, ya zo ya ɗora atamfarmu?"

Ya ɓata fuska. Ba ya son a tuna masa, don sai da muka yi ta shanya dilar nan, mata na shinshinawa suna wucewa.

"To haka ampilina yake yi. Yana juyawa wajen na biyu da ɗan ragowar wutar na farko a jikinsa, sai lambobin su fito da wari. Dole in samo masa ɗan lokacin da zai zubar da ita tas, kuma lokacin nan daga cikin na aikinsa zan yanko shi. Nan na maƙale."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan wata mata ta shigo neman leshi, maganar ta mutu. Na tafi Treichville ina ganin na ɓata yawuna a banza.

Washegari na iso shago, sai na tarar da kujerata ba ta wurinta. Ya jawo ta bakin ƙofa ya hakimce a kai, ya miƙe ƙafar mai ciwon bisa wata dila, almakashi rataye a wuyansa. Ya sa an sauko masa da duk atamfar da ke sama zuwa inda hannunsa zai kai.

"Baba, gwiwarka fa?"

"Gwiwata ce ko taki? Wuce ki ba ni wuri."

"Amma masu ciniki..."

"Ɗiyata, tun kafin a haife ki nake fama da su. Tafi ki gama abinki." Ya kore ni da bayan hannu. "Daga yau ba ki ƙara ɗaukar mini kifi ki kai wa karatunki wari."

Zanen nawa ya shiga cikin na sauran, da ƙyar amma ya shiga. Sai dai ranar da Baba ya kore ni, tun daga Adjamé har muka hau gada kuka nake a woro-woro, matar da ke gefena tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka mutuwa aka yi mini.