Katin Kwamfuta a Cikin Toka

Kawuna tsohon malamin gona ne a Malumfashi. Bara ya zo shagona na gyara a Funtua da tsohuwar kwamfutarsa a buhu, da tukunya a hannu. An taɓa gaya masa katin da ke sa injin ya karanta faifan nan mai kusurwa huɗu ba a samun irinsa yanzu. Shi ne ya sa aka cire, ya binne shi a toka cikin tukunyar yadda ake adana waken iri.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, wannan ba wake ba ne. Wane ƙwaro ne zai ci ƙarfe?"

Ya ce, "Abin da nake tsoron rasawa, toka nake ba ajiyarsa."

Na ɗauki burushi. Danshin damina da tokar sun ci haƙoran katin har sun yi kore. Kwana uku ina gogewa da sifirit, ina sake dalma, ina sauya wa ƙananan filogin kansa mazauni har na dace da saitin da injin ya yarda da shi. Rana ta huɗu na mayar da katin, faifan Kawu ya yi gurnani, rubutu ya fito.

Ranakun ruwan shuka ne na kowace shekara, waɗanda marigayiya matar Kawu ta riƙa buga masa. Ya bi su da yatsa har inda jerin ya tsaya, a daminar da ta rasu.

Ya ce, "Daga nan ban sake lura da ranar da ruwa ya sauka ba."