Tukunyar Tamostat ta Baffa Sale

Ku da kuka san Baffa Sale kun san tukunyar nan. Ƙaramar tukunyar silba ce mai hannu ɗaya, kullum tana bayan kujerar a-kori-kurarsa tare da jak da igiya. Baƙo idan ya gan ta sai ya zaci ta abincin tafiya ce. Ta gwajin tamostat ce.

Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba sai da na zauna a gidansa bayan na gama bautar ƙasa: tamostat wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin, bai cika tafin hannu ba, yana zaune a hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. Idan inji na da sanyi yana rufe, idan ya ɗauki zafi sai ya buɗe ruwa ya zagaya. Haka dai na fahimta, masana su gyara min. A Potiskum kusan duk makaniken da ya buɗe mota ya gan shi, cire shi yake ya jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Baffa bai taɓa yarda ba. Motarsa ta dizal ce, tsohuwa, ta sha ɗaukar wake da gero daga ƙauyuka, amma ba ta taɓa fita ba tare da shi ba. Kuma ba ya saye sai ya dafa shi ya ga ya buɗe baki da idonsa.

Bukar makanike, amininsa, ya taɓa cire shi a ɓoye. Baffa ya kama hanya, ya ga har ya fita gari allurar zafi ba ta tashi yadda ta saba ba, sai ya juyo da lodinsa. Ya tarar da Bukar cikin wata jibgegiyar jaket ta gwanjo. Bukar ya yi ta bayani cewa don ƙasar ƙanƙara aka yi abin, nan kuwa rana kaɗai ta isa ta dafa inji.

Baffa ya ce, "Ita ma rigar nan taka ta ƙasar ƙanƙara ce. Me ya hana ka yanke mata hannu?"

A gwangwanin tsofaffin notina aka tono shi aka mayar.

Wata rana kuma na raka shi layin masu kayan gyaran mota. Mai shagon ya rantse nasa orijina ne, ya buɗe farashi a sama. Baffa bai taya ba. Ya roƙi wuta wurin mai shayin da ke gefe, ya ɗora tukunya, ya jefa tamostat, sannan ya laluba aljihu ya fito da ƙwai guda ya jefa a ciki, don a ganinsa ba a ɓata wuta a kan abu ɗaya. Jama'a suka taru. Ni kuwa kunya ta sa na yi kamar ina duba waya. Ruwa ya yi ta tafasa, ƙarfe ko motsi. Mai shago ya ce a ƙara masa lokaci. Baffa ya tsamo ƙwan, ya ɓare, ya raba biyu ya miƙa masa rabi.

"Ci, ɗan'uwa. Ƙwai ya dahu, kayanka bai farka ba."

Ni Malam Wataƙila yake kirana. Ba zan ce bai yi gaskiya ba. Ko ruwa ya tambaye ni ko za a yi, sai na ce akwai alama, amma ba lallai ba ne.

Daminar da ta zama ta ƙarshe gare shi, ciwo ya kwantar da shi. Abu ɗaya yake so: ya ga geronsa na Nangere a tsaye kafin a girbe. A daidai lokacin ne tamostat ɗin motar ya maƙale a rufe, ta fara tafasa ruwa ko layinmu na Hausari ba ta fita ba. Maƙwabci ya kawo motarsa mai sanyi, Baffa ya yi godiya ya ce kujerar ba ta san bayansa ba. Bukar ya zo har bakin gado ya roƙe shi a cire abin na rana ɗaya tak, a je a dawo. A raina na ga kamar Bukar yana da gaskiya, ban dai faɗa ba. Baffa ya juya fuska bango, ya ce a ba Wataƙila tukunya ya je ya sayo.

To, a nan ne na nuna halina. Na cire tsohon na ɗauki hotonsa ta kowane gefe. Na karanta lambar zafin da aka buga a jikinsa, sai na ga a kasuwa akwai masu wata lambar daban, na shiga waya ina bincike wanne ya dace da injin dizal a ƙasa mai zafi, kowa da abin da yake faɗa. Na sami kala uku. Akwai mai arha a leda, dubu shida, wanda ko mai shi bai kalle ni ba da yake yabonsa. Akwai ɗan Beljiyam da aka ciro daga wani inji, dubu goma sha biyu, mai nauyi, amma wa ya san shekarun da ya yi yana aiki? Akwai kuma sabo a kwali, da robarsa, wanda aka buɗe min shi a kuɗin da ya sa na zauna a benci. Mai kwalin ya ce ba a dafa masa kaya sai an biya. Kullum sai na je na juya su a hannu, na tambayi farashi a wani shagon, na dawo gida na ce wa Baffa ana kan dubawa. Kwana takwas ina haka, idan ban yi kuskure ba.

Inna Lami, matarsa, ita ta tare ni a soro. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masu girbi za su shiga gonar ranar Asabar, kuma likita ya daina canza magani. Ta ce, "Kai kake da lokacin zaɓe, shi ba shi da shi."

A ranar na koma. Na dafa mai arha, ya buɗe rabi ya tsaya. Na dafa ɗan Beljiyam, ya buɗe, amma da ruwan ya huce bai rufe sosai ba. Sai na shiga shagon mai kwali. Na so na taya kamar yadda Baffa yake yi, na ce a rage, ya ce ba ragi, na ce to. Na biya, na dafa shi a gaban mutane. Ya buɗe a hankali, na sauke tukunya, ya rufe. Mai shayi har da yi min barka.

Bukar ya ɗaura shi yana gunaguni da Barbarci. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka ɗauko Baffa, ni da Bukar, muka zaunar da shi a gaba, Inna Lami ta cusa masa matashi a gefe. Ni na tuƙa. Har muka fita gari idonsa na kan allurar zafi. Da ta tashi ta tsaya a tsakiya sai ya saki numfashi ya tambaye ni nawa na saya.

Na ce ya ɗan yi tsada, amma idan aka duba ingancinsa, wataƙila...

"Nawa?"

Na faɗa masa. Ya rufe ido, ya daɗe, har na tsorata na rage gudu.

"Ko a wurin zaman makokina," in ji shi, "kada ka faɗa wa kowa. Ina da mutunci a layin masu kayan gyara."

Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa a nan ba.

A gona bai iya sauka ba. Na matsa da motar har bakin kunya, gero yana gogar madubi. Ya zuro hannu ta taga ya kamo zangarniya ɗaya, ya murza ta a tafinsa, ya hura, ya tauna 'yan ƙwayoyi. Ya ce geron ya nuna, a gaya wa masu girbi su fara daga gabas, can ya fi bushewa. Daga nan ya ci gaba da kallon gonar. Na tsaya a gefen taga ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na fara ba shi haƙuri a kan kwanakin da na ɓata, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya zuba min sauran geron a tafi ya ce in ɗanɗana. Da zaƙi. Mun kai kusan la'asar a wurin.

A hanyar dawowa barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗata. Kafaɗar ta sage tun kafin mu kai titi, amma ban motsa ba har ƙofar gida. Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya.

Allah Ya jiƙan Baffa Sale, Ya yafe masa kura-kuransa, Ya sanyaya masa makwanci. Allah Ya ba Inna Lami haƙuri. Mu kuma da ya bari, Ya sa mu riƙa isa wurin namu da wuri. Amin.