Gonar Babana da Sarkin Japan

A shekarun da motocin Japan suka fara cika titunan Jidda, ina kanikanci a wani gareji kusa da tashar jiragen ruwa. Muna zaune a unguwar Bani Malik, ni da matata da 'ya'yanmu uku, gida ɗaya da mahaifina. Shi da ƙafa ya zo ƙasar nan, ya biyo ta Sudan, yana saurayi. Ya yi aikin hajji, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, hutun da ya kai shi har furfura. Ni a Jidda aka haife ni, ƙasar Hausa a bakinsa kawai na san ta.

Wata shekara bayan hajji, wani dattijo daga garinsu ya sauka a gidanmu da saƙo. Ƙanen Baba ya rasu bai bar ɗa ba, gida na neman zama kango, dangi na nesa kuma sun fara zagaya gona. Ana so jinin gidan ya zo ya riƙe. Baba kuwa ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, sai kowa ya juyo yana kallona. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba! Ka ba ni mataccen inji in tashe shi, amma gero da dawa a gona sai an nuna mini. Matata ta ce ita dai ba inda za ta, yara suna makaranta, uwarta tana nan. Dattijon ya ce zai jira amsa har ranar tashin jirginsu.

A lokacin akwai wani injiniya da aka aiko mana daga Japan yana koya mana sababbin injuna. Yabani muke ce masa, yadda Larabawa ke faɗa. Gajere ne mai tsabtar tsiya, sifana ma sai ya goge ta kafin ya ajiye. Larabcinsa gurgu, Turancina ya fi shi gurguntaka, amma da hannu da zane a ƙasa muna fahimtar juna. Ran Alhamis da la'asar nakan kai shi kamun kifi arewa da gari. Ya yanka ɗanye ya ci, ni in kawar da kai.

Wannan Alhamis ɗin ya ga ba na magana, ya tambaya, na kwashe duka na gaya masa. Sai ya ce kakan babansa mai takobi ne a gidan wani sarki na ƙasar duwatsu, kuma labarin sarakunan gidan a bakin kakarsa ya ji.

Ya ce a zamanin da, ƙasarsu sarakuna ne birjik, kowa da yankinsa, kuma da yawan shinkafar da ƙasarka ke bayarwa ake auna girmanka. A samansu akwai babban sarkin yaƙi a babban birni. Don kada wani ya yi masa tawaye, sai ya sa doka: kowane sarki ya yi shekara a ƙasarsa, shekara a birni. Mata da magaji kuwa ba sa barin birni ko kaɗan. Na ce wannan ai garkuwa ce. Ya ce i, amma garkuwar da aka yi wa ado.

Ɗaya daga cikin sarakunan nan a birni aka haife shi, bai taɓa ganin ƙasarsa ba sai da ubansa ya mutu. Ya kama hanya da ayari, masu mashi a gaba, masu kaya a baya. Da ya isa, talakawa suka zube, suna gaishe shi da harshen ƙauye wanda da ƙyar yake ganewa. Ya tarar da rumbuna ba komai. Sai ya ajiye tufafin siliki ya sa na auduga, ya rage cimarsa, ya sa aka haƙa hanyar ruwa daga dutse zuwa gonaki. Shekarar da yunwa ta zo, ya buɗe rumbun fada.

Na ce a raina, shi ke nan, har mai cin ɗanyen kifi ya shiga layin masu korata.

"Wato in tafi ke nan?" na tambaye shi.

Ya girgiza kai. Ya ce bai gama ba. Sarkin yana da ɗa a birni. Duk dawowa sai ya tarar yaron ya zama wani daban, kafin su saba kuma shekara ta ƙare. Da yaron ya girma, gaisuwar fada kawai ke tsakaninsu. Ranar da sarki ya mutu a ƙasar duwatsu, manoma sun yi kuka. Ɗan da labari ya same shi a birni ya sa kayan makoki yadda aka saba, amma ya gaya wa wani bara cewa yana ta ƙoƙarin tuno muryar ubansa, ya kasa.

Yabani ya naɗe zarensa a hankali. Ya ce shi ma yana da 'ya a Japan, sau ɗaya a shekara yake zuwa. Zuwansa na bara, da ta gan shi a ƙofa, sai ta ɓuya a bayan uwarta.

Muka tattara kayanmu muka shiga mota. Ƙaramar 'yata nake tunani, wadda ba ta yarda ta ci abinci sai ta ji ƙarar babur ɗina a lungu.

Washegari bayan sallar Juma'a na samu Baba da baƙonsa a tsakar gida suna shan shayi. Na durƙusa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ba zan iya barin yaran nan ba, ba kuma zan iya ɗauke su ba."

Dattijon ya fara, "Haba ɗana, gidan kakanninka fa..." Baba ya ɗaga masa hannu. Na so ya yi faɗa, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya juya ga baƙon ya ce, "Malam, ka gaishe su. Ka ce su raba gonar da adalci, amma tsamiyar da ke bakin rijiya kada a sare ta, uwata ce ta shuka."

Sannan ya juyo wajena. Tun da aka haife ni, mutumin nan bai taɓa yi mini magana da wani harshe ba sai Hausa, ko a kasuwa, ko a gaban ɗan sanda. Ran nan ya dafa kaina, ya ce da Larabci, "Khalas, ya waladi. Tashi." Wato shi ke nan, ɗana. Kalmar ƙarshe ce kawai ta fito da Hausa.