Dutsen Tocilar Inna

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horar da malamai aka tura ni koyon aiki wata ƙaramar sakandare a Lambara, ƙasar Shagari. Ƙa'idar a fili take. Malami zai zo daga kwaleji sau ɗaya tak, ya zauna a bayan aji ya ga koyarwarka. In ya ce ba ka iya ba, sai ka maimaita shekara. Ni kuwa ba ni da wata shekarar. Kawuna da ke ɗauke da karatuna ya riga ya faɗa mini a Bodinga cewa in na faɗi, gonar albasa tana jirana. Kawu ba ya magana biyu.

Sai na ƙudura ba zan tsaya ina zuba surutu da alli ba. Zan haɗa ɗan injin lantarki mai juyawa, yara su gani da idonsu. Wani mai gyaran rediyo a Bodinga ya ba ni mayen ƙarfe daga matacciyar sifika, da jar waya daga ƙonanniyar fanka. Na naɗe wayar ta zama zobe, na bar mata hannu biyu. Hannu ɗaya na kankare shi tas da reza, ɗayan gefe guda kawai, don wuta ta riƙa shiga tana yankewa. Na ɗaure fil biyu a kai da gindin sabon batir, irin babban da muke kira dutsen tocila, da robar cikin tayar keke. Na ɗora zoben a kan fil ɗin, mayen ƙarfe a ƙarƙashinsa. Ina ɗan tura shi da yatsa ya kama juyi. Har rawa na taka ni kaɗai a ɗaki.

A gidan wata tsohuwa na sauka, mahaifiyar abokin kawu. Inna muke ce mata. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, ko rijiya ba ta zuwa. Tana da wata ɗabi'a irin ta mutanen garin: ba ta yar da mataccen dutse. Sai ta ɗan ƙwanƙwasa shi da taɓarya, ta shanya a rana, wai ya sha ƙarfi. Ni kuma kullum in na gama gwaji nakan kwance injin, in ajiye dutsena a bakin taga don kada ya zuƙe.

Ranar da mai dubawa ya zo hadari ya haɗu bai zuba ba, ajin kamar tukunya. Mutum ne dogo mai tabarau, ko gaisuwata da ka ya amsa. Na yi bayani a allo. Na haɗa kayan a kan tebur, yara suka miƙo wuya. Na tura zoben.

Ya yi lilo sau biyu ya tsaya.

Na yi dariyar yaƙe, na ce, "Kun ga, shi ma yana jin kunyar baƙo." Ba wanda ya taya ni. Na sake turawa, shiru. Na gyara fil, na matso da mayen ƙarfe, na ƙara kankare wayar har reza ta yanke ni a yatsa. Gumi yana ɗiga daga haɓata zuwa kan tebur. Da na juya dutsen don in ƙara ɗaure robar, sai na ga ɗan lotsawa a gefensa, wurin da taɓarya ta sauka. Innalillahi! Launinsu ɗaya da nawa. Inna ta ɗauki sabon ta sa a tocilarta, ta ajiye mini wanda ya sha rana.

Wallahi a lokacin da tana kusa da na manta furfurarta. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Babu shago kusa da makarantar. Na hango kaina durƙushe cikin albasa, kawu yana tsaye a kaina.

Mai dubawa ya kalli agogo. Ya rufe bironsa, ya soke a aljihu, ya miƙe. Wata yarinya a bencin gaba har ta rufe fuska da hijabinta. Ya kai bakin ƙofa ke nan sai muka ji sallama.

Inna ce, dogare da sanda, tana haki. Ta tare ƙofar gaba ɗaya.

Ga wanda bai san ƙasarmu ba, mutum komai girman muƙaminsa ba ya wuce tsohuwa a tsaye, kuma ba shi ne ke yanke gaisuwa ba. Mai dubawa ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

"Ina kwana, Inna?"

"Lahiya lau, ɗana. Ina gajiya? Ina hanya? Yaya kab baro mutanen gida?"

Tana magana, hannunta na hagu ya sulalo daga ƙarƙashin mayafi da tocila. Yaron da ke bakin ƙofa ya karɓe. Tocila ta bi ta ƙarƙashin benci, hannu zuwa hannu, har ta iso gabana. Na kasa buɗe murfin don santsin gumi da jini, sai da na sa bakin riga, sannan na zaro sabon dutsena.

"Ina ruwa wajenku? Gero ya yi kai? Ina ƙanana? Ina mai ɗakin taka?"

"Lafiya lau, Inna, alhamdu lillahi." Ya yunƙura zai tashi.

"Tsaya mana, wanga sauri na mine ne? Kai ɗan wane gari ne?"

Ya koma ya rusuna. Ni kuma robar ta tsinke a hannuna. Na tsinci guntun, na ƙulla da haƙori. Fil ɗaya ya faɗi ƙasa, yarinyar bencin gaba ta miƙo mini. Ina jin Inna ta gama da danginsa ta koma kan dabbobi, muryarta tana ƙara siririncewa. Na san gaisuwar ta kusa ƙare mata, numfashin ma haka.

Na ɗora zoben, na yi bisimilla, na tura.

Ya juya. Ya ci gaba da juyawa har ya daina ganuwa sosai, sai ɗan ƙyalli ja da ƙarar fil. Ajin ya ɓarke da ihu. Mai dubawa ya waiwayo, ya dawo a hankali ya tsaya a kan tebur. Bai kalle ni ba. Yarinyar nan ya nuna, ya ce ta faɗa masa dalilin da aka kankare gefe ɗaya kawai. Ta miƙe, ta ce don wuta ta tura shi ta sake shi, in ba haka ba zai tsaya cak. Ya gyaɗa kai, ya zaro bironsa.

Da zai fita ya rage murya ya ce mini, "Na ga tocilar tun daga ƙofa. Ka ci, malam. Je ka duba tsohuwarka."

Na same ta zaune a ƙasa ta jingina da bangon aji, sandar a gefe, ƙafafunta sun kumbura sun cika takalmin roba. Daga gidanta zuwa makarantar ni kaina nakan gaji. Na durƙusa a gabanta, duk faɗan da na tanada ya gushe.

Ta ɗago kai ta ce, "Ya juya?"

Na ce, "Ya juya, Inna."

"To madalla. Kama ni in tashi, ɗana, ƙahwahun ga sun ƙiya."