Waƙar da Na Yi wa Illa Mai Garka

Wata Juma'a ce bayan la'asar, cikin sanyin shekara ta biyu da samun mulkin kai, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, aka shimfiɗa wa baƙo tabarma a zauren gidanmu na unguwar Boukoki, amma wadda ya zo dominta ta ƙi fitowa. Baƙon Illa ne, mai garka a ƙetaren kogi wajen Kirkissoye, wanda ya yi wata biyar yana zuwa zance wurin yayata Hadiza. Sau uku Inna tana leƙa ɗaki tana cewa, "Hadiza, mi ya same ki? Mutum ya ƙetaro ruwa dominki." Yaya ta juya fuska bango, wai kanta ke ciwo. Ni kuwa ina bakin murhu ina fifita wuta, na san ciwon, kuma ni na jawo shi.

A lokacin babu gada. Illa cikin kwalekwale yake zuwa, da kwandon salati da tumatir da albasa, ƙafafunsa duk faso saboda ruwa da laka. Yaya tana son shi, wannan ko makaho ya sani. Tun Alhamis take zuwa kitso, kuma sau biyu tuwo yana ƙonewa a hannunta don tunani. Matsalar daga pampo ta taso. Kullum muka taso lakwal, wato makaranta, sai mu ɗauki bokitai mu bi layi, a nan 'yan mata ke auna samarin unguwa kamar masu sayen gero. Wanda ke kan gaba shi ne komin biro, wato ma'aikacin ofis, mai farar riga da ɗan babur mobileti. Ni kuma Allah ya yi ni da kaifin baki, ni ke ba da waƙa a gaɗa, kuma babu abin da nake so kamar a yi dariyar maganata. Rannan kawai na rera, "Mai garka ƙafa da faso, angon kwaɗi ya iso." Kafin kwana uku ta gama unguwa. Yaya na ajiye bokiti, sai tafi ya tashi. Da fari ta yi dariya, daga baya ta fara gano wa Illa aibin da ba ta taɓa gani ba: wai dariyarsa ta cika ƙara, wai yana warin albasa. Inna ba ta san mai waƙar ba, sai dai ta yi ta cewa, "Baki shi ke yanka wuya."

A Juma'ar nan Illa ya jira har rana ta yi ja. Ya ajiye kwandon, ya durƙusa ya ce wa Inna, "In na dawo mako mai zuwa ban gan ta ba, na samu amsata. So ba a yi mashi tilas." Salatin nan na kasa haɗiye shi. Washegari da safe na tafi wurin maƙwabciyarmu Nya Bibata, tsohuwar Bazabarma mai sayar da kwaɗon zogale, na faɗa mata komai ina kuka. Ta ja kunnena sosai, sannan ta ce, "Baki ya ɓata, baki zai gyara. Ke dai rufe naki."

Ranar Litinin sai ga ta a pampo, ita da ba ta ɗiban ruwa da kanta. Ta ɗaga murya tana cewa mu mutanen Maradi ba mu san zinariya ba, mutum kamar Illa da garkarsa da kwalekwalensa, in ba mu so, ai jikarta Fati na nan. Fati kuwa ita ce wadda duk yadda ta ɗaura kallabi, gobe haka unguwa za ta ɗaura. Fati ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni dai ban ga mai tsayinsa ba duk Boukoki." Wallahi zuwa Laraba, 'yan matan da suka yi mini amshi su ne ke zancen wushiryar Illa da faɗin kafaɗarsa. Ƙafafun na nan yadda suke, amma babu wadda ta ƙara ganinsu.

Juma'a ta zo, Illa ya shigo lungu, sai ga Fati a ƙofar gidansu da ƙwaryar fura. Ya tsaya suna gaisawa, har da murmushi. Na ce a raina shi ke nan, garin neman gira mun rasa ido. Sai na ji ƙamshin turare ya wuce ni. Yaya ce, cikin zanen Sallarta. Ta isa ta karɓi kwandon daga hannunsa a gaban kowa, ta ce, "Illa, ka manta ƙofar gidanmu ne?" Ya bi ta ba musu. Nya Bibata ta karɓi furar ta sha abinta, ni kuma na zauna daɓas a ƙasa don daɗi. Daga baya na ji ashe Fati tuni an yi mata baiko da wani ɗan uwansu.

Bayan damina aka ɗaura aure, suka zauna har tsufa. Sai da furfura ta fito mana na iya faɗa wa Yaya ni ce mai waƙar. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Idona bai taɓa ƙin shi ba. Kunnena ne ya yi mini ƙarya."

Yau mota ke ƙetara kogi, ruwa kuma cikin gida yake zuwa. Jikokina a unguwar Bobiel sai su tura hoton saurayi ga ƙawaye ta waya, su jira a faɗa musu ko yana da kyau, kuma masu yanke hukuncin ba su taɓa ko gaisawa da shi ba. Ina kallonsu ina kewar lokacin da duk masu surutun unguwa tsohuwa ɗaya ke iya juya su. Mu dai Allah ya rufa mana asiri, da ƙyar muka sha.