Kunnuwan Ɗan Dorina

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai fito ne. Tun yana saurayi yake tuƙa kwalekwale a gulbin Kwara, yana ƙetarar da 'yan kasuwa masu nufar iyakar Benin da buhunansu na shinkafa da kwandunan kifi. Lokacin da na dawo Bagudo koyarwa, yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Abu sai mai haske sosai, kuma a dab da fuskarsa, yake iya gani. Ya daina zuwa bakin ruwa, ya koma zaman tabarma a zaure.

Ni kuwa a wannan shekarar na samu wata tsohuwar kyamara, na ɗora wa kaina ɗaukar hoton tsuntsaye da dabbobin gulbi. Ranar Asabar nakan bi wani masunci da sassafe, in dawo da hotunan zalɓe da dinya, yawancinsu dishi-dishi saboda rana ba ta gama fitowa ba. Sai wani abokin aikina ya sa mini manhajar gyaran hoto a kwamfuta. Akwai maɓalli guda da in ka taɓa, ita da kanta za ta nemo dabbar da ke cikin hoton, ta shafe ta da jan launi don ka ga iyakar abin da ta zaɓa. Daga nan sai ka ƙara wa dabbar haske ita kaɗai, ba ka taɓa ruwa ko ciyawa ba.

Wata Asabar muka ci karo da dorina a wani lungun gulbi da ciyawa ta cika. Na ɗauke ta sau uku kafin masuncin ya juya da mu. A gida na taɓa maɓallin, manhajar ta zagaye kan dorinar da gadon bayanta tsaf. Na haskaka ta, sannan na juya zaɓin na dusashe duk abin da ke kewaye da ita har ya kusa zama baƙi. Kawu na tuna, shi ya sa na yi hakan.

Bayan la'asar na kai masa kwamfutar. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, na zo maka da baƙuwa."

Ya ɗora kwamfutar a cinya, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa gilashin. Ya ƙura wa hoton ido. Can ya yi wata dariya ƙasa-ƙasa.

"Dorina ce," in ji shi. "Kai, ɗana, rabona da ganin wagga halitta har na mance."

Ya sa na ƙara girman hoton. Ya bi kanta da yatsa a hankali, ya tsaya a kunnuwan. Sai na ga dariyar ta ɗauke.

"Ina ɗanta?"

Na ce, "Babu ɗa, Kawu. Ita kaɗai muka gani."

"A'a. Dubi yadda ta kwantar da kunne, ta gicciye jiki tsakaninku da ciyawa. Mai ɗa ce. Nema dai."

Don in faranta masa kawai na buɗe hoton na asali, wanda ban taɓa ba. Na ƙara girmansa a gefen dama, inda ya ce. Ga wasu 'yan kunnuwa biyu a saman ruwa, ga kuma ƙofofin hanci ƙanana. Manhajar ta ɗauke su a matsayin ruwa, ni kuma na bi ta na binne su cikin duhu da hannuna.

Na faɗa masa cikin murna. Shi bai yi murna ba. Ya rufe kwamfutar ya tambaye ni nisan da ke tsakaninmu da ita. Na kwatanta masa da daga zauren zuwa bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida. Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Ku biyu ba ku da hankali! Da ta taso, wa zai je ya gaya ma uwarka? Ni?"

Daga baya ya ba ni labarin wani abokinsa na ƙuruciya da dorina mai ɗa ta kife wa jirgi, bai fito ba. Kawu ne ya kai labarin gidansu. Ban taɓa jin wannan ba, ko daga mahaifiyata.

Na ba shi haƙuri, na yi alkawarin ba zan sake matsawa kusa haka ba. Da ya huce ya ce in nuna masa ɗan. Manhajar ta ƙi gane shi duk yadda na yi, sai da na bi kunnuwan da hancin da hannu, ɗigo-ɗigo, na haskaka su. Kawu ya duba ya ce bai fi wata biyu ba.

Washegari ya aika aka kira masuncin. Na zaci faɗa zai yi masa, amma zaunar da shi ya yi, suka yi ta magana da yarensu na Dandanci, yana zana masa lungunan gulbi a ƙasa da tsinke: inda dorinai ke haihuwa, da inda za a tsaya a hange su lafiya. Masuncin ya saurara kansa a sunkuye.

Tun daga nan, duk hoton da na ɗauko sai na haskaka shi na kai wa Kawu. Wani lokaci ya gane dabbar nan take, wani lokaci ya ce in kwatanta masa. Mahaifiyata ta ce a watannin nan ya fi cin abinci, kuma ya koma tambayar ko ruwan gulbi ya fara janyewa.