Inna Sadatu, Bakin Baƙin Zango

Da an sallame sallar asuba, kafin masunta su fito da kamun farko, Inna Sadatu ta riga ta buɗe ƙofar ƙaramin asibitin da ke gefen garin Argungu, ta wajen fadama. Ta share ɗakin duba marasa lafiya, ta wanke bencina, ta cika randuna biyu da ruwa, ta ɗora tukunyar tafasa almakashi. Sannan ta gyara ɗaurin kallabinta ta zauna a ƙarshen benci, daf da ƙofa, tana duban fuskokin masu shigowa. Wadda ta shigo tana raɓe-raɓe, ta riƙe goyonta da hannu biyu, ba ta amsa gaisuwar kowa ba, ita Inna take jira. Sai ta matsa kusa da ita ta ce, "Fofo." Gaisuwa ce da Zabarmanci. Nan take za ka ga kafaɗun matar sun sauka.

A takardar aiki, Inna Sadatu mai shara ce. Haka aka rubuta shekara talatin da ɗaya da suka wuce, haka kuma takardar ta zauna har watan jiya da ta ajiye aiki. Ni Abdussamadu, jami'in lafiyar da aka turo asibitin daga Birnin Kebbi shekara tara da suka wuce, na ɗauki alƙalami ne don in faɗi abin da takardar ba ta faɗa ba.

Bayan asibitin, inda tudu ya gangara zuwa gulbin Rima, akwai wurin da mutanen unguwa suke kira Zango. Bukkoki ne na zana da leda, sun kai sittin. Mutane iri biyu ke zaune a ciki. Akwai Zabarmawa daga ƙauyukan Dosso ta Nijar, waɗanda gonakinsu suka daina ciyar da su. Su ke yi wa mutane dashen shinkafa da yanka da bugu, daga nan har Gulma da Zauro. Akwai kuma mutanen Mali daga yankin Gao, masunta ne da fitina ta koro, suka baro jiragensu da tarunansu, suka dawo suna yi wa wasu sun kifi ana ba su kaso. Yarensu ya yi kusa da Zabarmanci. Yawancinsu ba su da takardar shaida ta kowace ƙasa. 'Ya'yansu ba sa zuwa makaranta. Mazan sukan tsinci Hausar kasuwa, amma matan, musamman sababbin zuwa, sai su shekara ba su iya haɗa magana ɗaya ba. Mu kuma ma'aikatan da ake turowa, daga Zuru ne ko Yauri ko Birni, babu mai jin yarensu.

Inna Sadatu ta sha Zabarmanci ne a nonon uwa, don mahaifiyarta Bazabarma ce. Ba wanda ya ɗora mata aikin tafinta, ba a kuma taɓa ƙara mata ko sisi a kansa ba.

A makona na biyu na san ko ita wace ce. Wata mata mai suna Zalika ta kawo 'yarta da zazzaɓi. Na rubuta magani, na ɗaga yatsu uku ina nufin sau uku a rana, ta gyaɗa kai, na kira na gaba. Sai na ji murya daga bakin ƙofa.

"Ɗana, tsaya. Mi kac ce mata?"

Na ce, "Sau uku a rana, Inna. Ai ta gane."

Ta juya ta yi wa Zalika tambaya da yarensu, ta saurari amsa, sannan ta dube ni. "Ta ce ƙwaya uku za ta ba ɗiyar lokaci guda, da ta isa gida. Gyaɗa kai ba ganewa ba ne. Kunya ce."

Yarinyar ba ta kai shekara biyu ba. Daga ranar ban ƙara sallamar mutumin Zango ba sai Inna ta sa shi ya maimaita abin da aka faɗa masa da bakinsa.

Amma abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan jinjina ya faru ne a daminar shekarar 2023. Al'adar mazan Dosso ce su koma gida da faɗuwar ruwa su shuka gero, su bar matan a nan suna dashe, su dawo bayan 'yan makonni. A wannan shekara suna can aka rufe iyaka. Wasu suka biyo ta daji suka iso, da yawa suka kasa. Zango ya zama na mata da yara da 'yan tsofaffin masunta. Sai gulbi ya cika ya shanye gonakin da ake dashe, aiki ya tsaya. Ana cikin haka amai da gudawa ya ɓulla.

Cikin kwana huɗu muka kwantar da mutum goma sha ɗaya, dukansu daga Zango. Gadajenmu shida ne, sauran a tabarma. A rana ta uku ɗan Zalika na goye, wanda aka haifa a hannunmu wata bakwai kafin nan, ya rasu ana ƙoƙarin samun jijiyar da za a yi masa ƙarin ruwa. Inna Sadatu ce ta gaya wa uwar. Ita ta yi masa wanka yadda muka koya mata a irin wannan cuta, ita ta nemo mazan da suka kai shi makwanci, don uban yana can bayan iyaka bai ma sani ba.

Labari ya bazu a unguwa cewa baƙi sun kawo annoba. Malam Hodi, dattijon da filin Zango yake hannunsa, kuma shi ke kula da famfon burtsatsen unguwa, ya aika cewa ya ba su kwana uku su tashi. Ba mugun mutum ba ne. Jikoki tara ne a gidansa, tsoro ne ya kama shi kamar yadda ya kama kowa. Sai dai ina za su? Gaba ruwa, baya iyaka a rufe.

Ni aikina ya tsaya ga rubuta rahoto da roƙon ƙarin magani. Inna ta tafi Zango da ƙafarta. Ta bi bukka bukka tana tambaya ɗaya: ina kuke ɗiban ruwan sha? Da hantsi ta dawo, zaninta ya jiƙe har gwiwa, riƙe da kwalba cike da wani ruwa mai launin ƙasa. Ta dire ta a teburina.

"Ga annobarka," in ji ta. "Tun watan azumi anka hana su famfo, wai suna tsawaita layi. Kududdufin bayan makewayi suka sha. Wata biyar ke nan, ba wadda ta iya buɗe baki ta kai ƙara. Da wane baki?"

Na ce zan sa a cikin rahoto. Ta ce rahoto zai kai Birni ya dawo bayan an tashe su. Ta ɗauki kwalbarta ta ce in biyo ta.

Bayan la'asar muka sami mai unguwa a zaurensa, Malam Hodi na gefensa, da magidanta kusan ashirin. Mace ba ta saba shiga wannan zaure ta yi magana ba, balle mai shara. Inna ta durƙusa ta yi gaisuwa cikakkiya, ta ajiye kwalbar a tsakiyar tabarma, ta jira har sai da aka tambaye ta.

Malam Hodi ya ce, "Sadatu, ke ɗiyar garin ga ce. Mi ya haɗa ki da mutanen da ba mu san asalinsu ba? In cutar ga ta shigo gidajenmu, ke za ki ɗauke ta?"

Ta ce, "Malam, Allah shi ba ka haƙuri. Ba su zo da cuta ba, nan sunka same ta. Ga ta nan cikin kwalba. In kun kore su yau, kududdufin na nan, kuma ɗiyanku na wanka cikinai. Jikanka na gani jiya da idona."

Ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba, ba ta kuma yi rawa ba.

"Shinkafar da ke rumbunka, wa ya dasa ta bara? Wa ya yanke? Lokacin ba ka tambayi asalinsu ba. Ni ban zo roƙon a ba su gida ko gona ba. A buɗe musu famfo, sa'a biyu da safe, sa'a biyu da marece. Ni za ni tsaya kan layin. In bayan kwana bakwai cutar ba ta ja baya ba, ni da kaina za ni gaya musu su tashi, da yaren da suka ji."

Mai unguwa ya juyo gare ni ya ce, "Likita, gaskiya ta faɗa?" Na ce gaskiya ne, ruwan ne. Malam Hodi ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin famfo, ya ajiye a gaban Inna.

Kwana bakwai ɗin nan, Inna, ke kika ɗauke su a kanki. Ke ce kan layin famfo da safe, kina raba faɗa da harshe biyu. Ke ce a Zango da rana, kina nuna wa mata yadda ake dama ruwan gishiri da sukari, kina sa kowace ta dama a gabanki. Ke kika tara tsofaffin masuntan Gao suka haƙa sababbin makewayi nesa da ruwa, suka killace kududdufin da ƙaya. Shekarunki sun haura hamsin da biyar a lokacin, ƙafarki ta hagu tana kumbura, kuma ko rana ɗaya ba mu zo mun tarar da asibiti ba a share ba. Na ce ki huta, kika ce mini, "In na zauna, wa za ya gaya musu?"

A rana ta biyar mutum ɗaya kawai aka kawo. A ta bakwai babu kowa. Ba a ƙara rasa rai ba, cutar kuma ba ta shiga unguwa ba. Maganar tashi ta mutu a nan.

Wani zai ce aiki ya ƙare. Inna ta ce yunwa ta rage. Da ruwa ya janye aka yi girbin abin da ya tsira, ta je wurin matan unguwa masu turara shinkafa, waɗanda kullum suke kukan rashin hannu, ta haɗa su da matan Zango. Da farko mata huɗu aka ɗauka, ana ɗari-ɗari da su. Yau sun fi ashirin, Zalika ce shugabarsu, kuma suna da tukwanensu uku na kansu. Sannan ta bi ta kan yara. Sau biyar tana zuwa makarantar firamaren unguwa, har aka yarda a karɓi 'ya'yan Zango da shaidar mai unguwa a madadin takardar haihuwa. Goma sha bakwai suka shiga a shekarar farko.

Ba zan ce Zango ya zama birni ba. Har yanzu bukkokin leda ne, har yanzu damina na shigar musu ɗaki. Masuntan Gao ba su da jirgi ko ɗaya nasu, kuma akwai mazan da aka buɗe iyaka ba su dawo ba. Inna ta fi kowa sanin wannan. Shi ya sa a shekararta ta ƙarshe ta tsare Rauda, sabuwar ma'aikaciyar jinyar da aka turo mana, kullum bayan an tashi aiki tana koya mata Zabarmancin asibiti: ina ke ciwo, tun yaushe, sau nawa, kin gane, maimaita mini.

Ranar da muka yi mata walimar sallama, a harabar asibiti, mutanen Zango suka zo kusan gaba ɗayansu. Malam Hodi ma ya zo, ya zauna a layin gaba. Zalika ta miƙe ta ce za ta yi magana da yarenta, don abin da ke ranta ya fi ƙarfin Hausarta. Aka ce Inna ta fassara, kamar kullum. Zalika ta yi ta magana, ta daɗe, hawaye na zuba, matan bayanta suna amsawa. Da ta gama, kowa ya juya ga Inna.

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta ce an gode."

Aka fashe da dariya. Mai unguwa ya ce, "Sadatu, duk maganar ga?" Sai Rauda ta miƙe, tana in-ina, ta ce ita ba ta ji duka ba, amma ta ji wannan: Zalika ta ce ranar da ɗanta ya rasu ba ta da uwa ko miji ko ƙasa a kusa, amma an gaya mata mutuwarsa da yaren da uwarta ta yi mata magana da shi, kuma hannun da ya riƙe ta bai sake ta ba har yau. Dariyar ta tsaya. A shekara tara da na yi tare da Inna, wannan ce kaɗai fassarar da na ga ta tauye.

Inna Sadatu, bakin marasa baki, uwar baƙi, mun gode. Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya ba ƙafarki lafiya, ya jiƙan mahaifiyar da ta ba ki harshe na biyu.

Ku kuma masu karatu, akwai zango a bayan kusan kowane gari na wannan kwari, daga Augie har Birni. Mutanensa na dasa abin da muke ci. Ba sai an naɗa ka ba kafin ka taka ka tambaye su inda suke ɗiban ruwan sha. In kana jin yarensu, ka ara musu bakinka. In ba ka ji, ka koya. Inna ta ce in sanar cewa ƙofar gidanta a buɗe take duk Talata da Alhamis bayan la'asar, ga duk ma'aikacin asibiti ko malamin makaranta da ke son koyo. Mu shida ne yanzu a kan tabarmarta, kuma ni ne na fi kowa shan gyara.